Shekara huɗu da Toyota 4Runner tsakanin kwaltar Sakkwato da lakar fadama

Daga gidana a Arkilla zuwa ƙauyenmu tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. In ka kama hanyar Bodinga ka wuce, kwalta ce har inda za ka ratse kafin Shagari. Abin da ya rage daga nan bai fi kilomita tara ba, kuma waɗannan taran su suka sa na sayar da ƙaramar motata na nemi jif. Da rani rairayi ne mai zurfi, wanda jaki ma sai ya sunkuyar da kai yake ratsa shi. Da damina akwai wani kwari a tsakiya, ruwa ya gangaro daga tudu ya kwanta a ciki, ya bar baƙar laka mai santsi kamar an zuba sabulu.

A watan Agustan 2020 aka kira ni da asuba, Inna ba lafiya, numfashi yana yi mata wuya. Na zo bakin kwarin nan na tsaya ina kallon ruwa, na san in na tura motar ciki ba za ta fita ba. A amalanken shanu aka ɗauko ta. An shimfiɗa mata tabarma da bargo, ƙanena yana riƙe da laima a kanta, kowane rami amalanken ya faɗa sai na ga ta runtse ido. Ta warke, alhamdu lillahi. Amma tun a hanyar asibiti na ƙudura a raina cewa in Allah ya hore mini, ba za a sake ɗauko mahaifiyata haka ba.

Akwai kuma gona. Ina da 'yar fadama wajen Kwalkwalawa, albasa da rani, shinkafa da damina. Wanda ya taɓa noman rani ya san kayansa ba su ƙarewa: injin ban ruwa, tiyo, jarkokin mai, buhunan taki, daga baya a kwaso shanshera zuwa gida. Kullum hayar a-kori-kura, kullum jiran direban da zai ce ƙarfe bakwai ya zo bayan azahar. Sai na sa wani mai walda ya ƙera mini 'yar tirela mai taya biyu, faɗinta bai wuce na gadon kwana ba. Ga kuma uwargida da yara biyar da ake kaiwa boko da Islamiyya. Mota ɗaya nake da ƙarfin riƙewa, dole ita za ta ɗauki iyali, ta ja kaya, ta kuma shiga daji.

Kusan duk wanda na yi shawara da shi Highlander ya ce mini, kuma ba su ba ni shawarar banza ba. Tana da laushin tafiya, ba ta shan mai kamar manyan jif, kayan gyaranta ko'ina akwai. Har ma ta fuskar jan kaya, Highlander ta 2008 mai injin V6, wato mai silinda shida, in ta zo da kayan ja na kamfani, an rubuta mata fam 5,000, wato kusan kilo 2,270, daidai da abin da aka rubuta wa 4Runner mai V6. To ashe ba nan bambancin yake ba. Bambancin yana ƙasa, inda mai saye ba ya cika leƙawa. Highlander da Lexus RX ƙirar ƙaramar mota aka yi musu aka ɗaga su sama, bodi da ƙashi haɗe suke. Ita kuwa 4Runner ta 2003 zuwa 2009 bodinta zaune yake a kan ƙashin ƙarfe mai zaman kansa, kamar na motar ɗaukar kaya, kuma tana da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da direbobi ke kira ogzilari. Highlander ba ta da ita. A kwalta ba za ka taɓa jin rashinta ba. A kwarin ƙauyenmu ita ce gaba ɗaya zancen.

Zuciyata Prado ta so, ba zan ɓoye ba. Bakaniken da nake kai wa mota tun shekaru goma sha ya dube ni ya ce, “Malam, wagga da Prado uwa ɗaya uba ɗaya. Suna kaka son saye, ko mota?” Ya yi gaskiya. Ita da Prado ta wannan zamanin da Lexus GX470 ƙashi iri ɗaya aka gina su a kai, kuma injin lita 4.0 da ke cikinta shi ne a Prado mai V6. Saboda haka kayan gyara ba sa wuya, abin da babu a Sakkwato kwana biyu ya iso daga Kano. GX470 kuwa V8 ce mai lita 4.7, ta fi ƙarfi ta fi jin daɗi, amma ta fi shan mai, taimin ɗinta bel ne da ake canzawa lokaci-lokaci, na V6 kuwa sarƙa ce. Bayan GX kuma a kan jakar iska yake zaune, ni kuwa sifirin na ƙarfe nake so, wanda kowane bakaniken ƙauye ya san kansa.

Akwai wani dalili da ba a rubuta shi a takardar mota. Halin da hanyoyinmu suke ciki, musamman gabashin jiha wajen Isa da Sabon Birni, ba ɓoyayye ba ne. Baƙar jif mai sheƙi da baƙin gilashi tana shelar mai ita tun daga nesa. Tsohuwar 4Runner ruwan toka da ƙura a jikinta ba ta cika jan ido ba. Ko da hakan, ba na tafiyar dare, kuma akwai hanyoyin da ko da tankar yaƙi aka ba ni ba zan bi da iyalina ba.

Mota uku muka duba kafin na saya, kuma a nan nake so mai niyya ya buɗe kunne. Ta farko fes take, kujerun fata, ba ƙwarzane ko ɗaya. Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa ƙafa huɗu take ja. Bakanikena bai ce masa uffan ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya kira ni na durƙusa. Ya nuna mini tayoyin gaba: ba sandar da ke kawo musu ƙarfi, ba tukunyar giya a tsakaninsu. Ta baya kawai take ja. Mutane da yawa ba su san cewa 4Runner iri biyu ake yin ta ba, kuma masu jan baya kaɗai suna da yawa cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka. Daga waje kamarsu ɗaya. A mai V6, duba kusa da sitiyari, akwai wani maballi da ake murɗawa mai H2 da H4 da L4: H2 jan ƙafa biyu, H4 jan ƙafa huɗu, L4 kuwa ita ce ogzilarin nan. In babu shi, tsayi kawai ka saya.

Ta biyu tana da maballin, amma da ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa ƙashin wajen tayar baya, sai ɓawon tsatsa ya zubo masa a fuska kamar garin jar ƙasa. An fesa baƙin fenti a kai don a rufe. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishiri suke watsawa a hanya, shi ke cin ƙarfen daga ƙasa. Motar da za ka ɗaura wa tirela ƙashinta ne zai ɗauki jan, in ya ruɓe ba abin da ya rage. Muka bar ta. A lura kuma, lambar tafiyar da ke kan agogon motocin Amurka mil ce, ba kilomita ba. In ka ga 150,000, to ta yi kusan kilomita 240,000.

Ta uku ita ce tawa: ƙirar 2007, V6, giya biyar mai canza kanta, kujeru layi uku. Fentin saman ya ɗan kwashe, kujerun yadi ne, amma ƙashinta garau. Ban biya ba sai da muka kai ta bakin gulbi muka gwada H4 da L4 a cikin yashi, muka ga fitilarsu ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Takardun kwastan kuma sai da na sa aka tantance su. A watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga mu kusa da Illela, shingayen kwastan ba su da iyaka. Arhar motar da ba ta da cikakken diyuti ba ta kai fargabar da za ka riƙa yi a kowane shinge ba.

Ranar da na karɓe ta ba gida ta kwana ba, gareji ta kwana. Aka zubar da duk wani mai da ke jikinta aka sa sabo, na inji, na giya, na tukwanen gaba da baya, da na birki. Aka wanke lagireto, aka canza tayoyi huɗu. Wanda zai sayi tsohuwar jif ya ware kuɗin wannan tun kafin ya fara ciniki, kada ya ƙarar da aljihunsa a hannun dillali.

Yanzu zancen ja. Tawa ta zo da mazaunin ƙugiya ɗaure a jikin ƙashin baya, sandar ƙugiyar kawai na saya na zura. Na sha ganin mutane sun sa an yi musu waldar ƙarfe a jikin bamba ko wani siririn ƙarfen bodi suna jan kaya da shi. Ranar da ya ɓalle, tirelar ba ta san ɗan makaranta ba, ba ta san mai kabu-kabu ba. Ina kuma sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan tirelar, in ƙugiya ta kuɓuce su tallafe ta. Fitilun baya ma na sa mai wayarin ya haɗa mata, don wanda ke bina ya san na taka birki.

Ƙarfin ja kam ba a magana. Da injin ban ruwa da tiyo da taki a baya, da ƙyar kake jin akwai wani abu. Wannan ƙarfin shi ya kusa ruɗa ni a makon farko. Yaran gona suka loda mini taki, suka jibge buhunan can ƙarshen tirelar don sauƙin saukewa, ni kuma ban duba ba. Muna kan hanyar jami'a, na ɗan ƙara wuta, sai na ji bayan motar yana kaɗawa. Na kalli madubi, ga tirela tana lilo dama da hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, sitiyari yana neman ƙwace mini. Babban ɗana yana gefena, na ji yana ta salati. Allah ya taimake ni ban danna birki da ƙarfi ba, na ɗage ƙafa daga totur na riƙe sitiyari sosai har ta lafa, na gangara gefe. Hannuna rawa yake yi lokacin da muke sauke buhunan muna mayar da su gaba. Tun daga ranar ni nake tsayawa a kan lodi. Nauyi ya fi yawa a gaban tayoyin tirela, kusan kashi ɗaya cikin goma na dukan nauyin ya danna kan ƙugiya. In ka ɗaga wuyan tirelar da ke cike ka ji shi sakayau, to lodin bai yi ba.

Abin da mutane ba sa tunawa shi ne tsayawa ta fi tashi wuya. Littafin motar ya ce tirelar da ta haura fam 1,000, kusan kilo 450, sai da birkinta na kanta. Buhun taki kilo 50 ne, wato buhu tara ke nan ko ba a sa nauyin ita tirelar ba. Tawa ba ta da birki, saboda haka buhu biyar zuwa shida nake ɗora mata, in kayan sun fi haka na yi sawu biyu. Wasu abokai suna ganin ɓata mai ne, mota mai jan sama da tan biyu a ce buhu shida. Ni na san yadda akuya take faɗowa titi a garin nan ba sallama. Da tirela ba na wuce gudun 60, kuma ina mayar da giya lamba 4 maimakon D, don kada ta yi ta hawa da sauka tana dafa man giya. Zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ga kaya, ga esi a kunne. Na sa an ƙara mata ɗan ƙaramin lagireto na man giya a gaba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin sabuwar giya.

Rairayi kuwa wani dattijo ne ya koya mini shi. Zuwana ƙauye na biyu da motar, cikin watan Maris, na shiga da ƙarfin gwiwa, ai ƙafa huɗu ce. Ko rabi ban yi ba ta kafe. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya kwanta a kan yashi. Ina tsaye ina share gumi sai ga wata tsohuwar motar 'yan kasuwa ta taho a hankali, cike da mutane da awaki, ta wuce ni ta tsaya a tudu. Direban ya sauko, farin gemu, rawani ya sha ƙura. Ya zagaya motata, ya danna taya da babban yatsa, ya ce, “Ɗana, iska ta yi ma tayarka yawa. Ka taɓa ganin raƙumi da ƙafar akuya?” Ya tsinko ɗan tsinke ya durƙusa yana sace iskar taya ɗaya bayan ɗaya, har cikinsu ya ɗan baje a ƙasa. Muka yashe yashin gaban tayoyi da hannu, muka shimfiɗa karan gero. Ya ce in sa L4 in taka a hankali kamar mai tsoron tada barci. Motar ta taso kamar ba ita ba. Na ciro kuɗi, ya ɗaga hannu ya ce, “Aje abinka, Allah shi kiyaye hanya.”

Yanzu kafin na ratse daga kwalta nake tsayawa in rage iska daga awo 32 zuwa wajen 20. Tayar ta yi faɗi, ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Sai dai wajibi ne a mayar da iskar kafin a koma kwalta, don taya mai ƙarancin iska in ta sha gudu a zafin nan fashewa take yi. Ba mai faci a mararrabarmu, shi ya sa na sayi ɗan famfon iska da ake maƙalawa a batir, da geji. Su da shebur da igiyar ja da wani katako mai kauri na ɗora jak ba sa fita daga but.

Laka dabam take da yashi, kuma ta fi shi mugunta. In na zo kwarin nan da damina, sai na naɗe wando na shiga da sanda na auna zurfi, na taɓa inda ƙasa take da tauri. In ruwan ya wuce gwiwata, ko yana gudu da ƙarfi, ba na shiga ko wa ke jirana. Wanda ya ga abin da gulbin Rima ya yi a ambaliyar 2010, lokacin da ya yanke hanyar jami'a, ba ya wasa da ruwa mai tafiya. In ya yi daidai, sai na tsaya cak, na sa giya a N, na murɗa zuwa L4, na danna makullin tsakiya mai sa tayoyin gaba da na baya su juya tare, na shiga da tafiya ɗaya ba tsayawa ba gaggawa. Za ka ji tana ɗan zamewa, tana laluben ƙasa, sannan ta kama ta haye. Karon farko da na fito ɗaya gefen sai da na kashe mota na zauna shiru na ɗan lokaci, ina kallon wurin da na tsaya a 2020.

Baƙar lakar fadama ta fi ƙarfin kowace jif in ta jiƙa sosai. Tana cika haƙoran taya ta mayar da ita sumul, ƙafa huɗun duka su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Sau ɗaya shanun huɗa ne suka fitar da ni. Tayoyi masu manyan haƙora, na kwalta da daji, suna taimakawa sosai, kuma sun fi jure ƙayar bagaruwa da kututturen kara. Suna ɗan gurnani a kwalta, na saba. Wajen saye a duba lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya mai kyan haƙori ba ta jure bazarar Sakkwato. Bayan kowace shiga laka kuma sai an wanke ƙarƙashin motar an sa giris a gaɓoɓin sandar da ke juya tayoyi. Ko da rani ma, duk wata ina sa ta a H4 in yi 'yar tafiya a burji. Littafinta ya ce kusan kilomita 16 a wata, don in aka bar na'urar ba a amfani da ita sai ta daskare, ranar da ake buƙata ta ƙi shiga.

Ta wajen iyali, abin da uwargida ta fara yabawa esi ne. Yana kai sanyi har layin baya, wanda kuwa ya taɓa ɗauko yara daga makaranta ƙarfe biyun rana a watan Afrilu ya san darajar wannan. Amma duk motar da aka ɗora a kan ƙashi tsayi gare ta, kuma daɓenta a sama yake. Mace mai zani sai ta kama ƙofa ta yunƙura. Inna kuwa wata 'yar kujerar tsugunno muka ajiye mata a but, ita take takawa ta hau. Dogon mutum mai doguwar hula zai ji rufi kusa da kansa. Layi na uku na ƙananan yara ne, babba ba zai iya zaman awa guda a ciki ba, kuma in an buɗe shi wurin kaya ya zama kaɗan. Da Sallah in za mu gida, mutane a mota, jakunkuna da rago da buhun shinkafa a tirela. Gilashin ƙofar baya yana sauka kamar na gefe, yana da amfani wajen ciro kaya in tirela ta hana buɗe ƙofar, amma na hana yara sauke shi ana tafiya, ƙura da hayaƙin salansa yake zuƙowa ciki.

Tafiyarta ba ta kai ta Highlander laushi ba, za ka ji rami, kuma a kwana tana ɗan kishingiɗa saboda tsayi. Ba motar tsere ba ce, wanda ya saba sheƙa gudu a ƙaramar mota ya shiga kwana da ita haka zai ji jiki. Uwargida tana tuƙa ta zuwa makarantar da take koyarwa. Ta ce tana jin daɗin hango hanya daga sama, abin da ba ta so shi ne kutsawa cikin cunkoson kasuwa tsakanin kabu-kabu da Keke Napep.

Sai mai, inda ciwon yake. Tankinta lita 87 ne. Yadda na auna, cikin gari da esi lita ɗaya tana kai ni kilomita shida zuwa bakwai, a doguwar hanya kamar ta Birnin Kebbi wajen takwas, da tirela a burji kuwa biyar. Lokacin da na saye ta litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Cika tanki ya koma kusan naira 87,000. Wani dare uwargida ta ce, “Malam, anya ba za mu sayar da motar nan ba?” Ban amsa mata nan take ba, don tambayar tana kan hanya. Muka ɗauko takarda muka lissafa abin da hayar a-kori-kura za ta ci a shekara, da kuɗin kai yara biyar makaranta, da abin da za a ba mu in mun sayar, da abin da za mu iya saye da shi. Sannan muka zo kan abin da ba ya shiga lissafi, wato kiran asuba daga ƙauye cikin watan Agusta. Muka bar ta. Na sayi babur na zuwa ofis, motar kuma ba ta fita sai da dalili.

Gyara a shekara huɗu bai wuce abin da hanya da shekaru suke ci ba: shokozoba sau ɗaya, robobin ƙafa, takalman birki, batir biyu don zafi yana kashe su da wuri. Da hunturu duk mako biyu nake ciro filtar iska in kakkaɓe. Sau ɗaya na sayi baƙin mai a wani shago saboda arha, kwana kaɗan na ji sautin injin ya canza, bakanikena ya murza shi a yatsa ya ce jabu ne, muka zubar. Injin da giya kuwa ba a taɓa buɗe su ba.

Wani abokin aikina ya ga tawa ya ce shi ma irinta zai saya. Na tambaye shi ina yake zuwa, ya ce Kano da Kaduna, sai ƙauyen matarsa da kwalta ta kai har ƙofar gida. Na ce masa ya sayi Highlander, zai fi jin daɗin zama, zai rage kuɗin mai, kuma ko 'yar tirela ya ɗaura mata za ta ja. Wani kuma manomin albasa ne babba, buhu hamsin yake fitarwa a sawu, shi Hilux ce tasa ko ya ci gaba da hayar babbar mota. Irin tawa ta mutumin da ke tsakiya ce, mai iyali, mai ɗan kaya, wanda kwalta take ƙarewa kafin ya isa gida.

Daminar da ta wuce na je ɗauko Inna za a duba mata ido. An kwana ana ruwa. Ta taka 'yar kujerarta ta hau gaba, ƙanwata a baya da ƙullin kayanta da kwanon fura. Da muka iso kwarin na fita na auna, ruwan iya ƙauri, na dawo na sa L4 muka shiga. Tana riƙe da carbi, ba ta ce komai ba har muka haye tudu. Sai ta waiga ta gilashi ta ce, “Nan na anka ɗauko ni ga amalanke, ko?” Na ce nan ne, Inna. Ta ce in rage sanyin nan ya yi mata yawa. Na rage, muka tsaya a mararraba na ciro famfo na mayar wa tayoyi iska, ƙarfe tara da rabi muna bakin asibiti.